Finafinan Sararin Samaniya Da Na Jarumai: Abin Da Ke Tafe

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wani abu da ya shiga gidajenmu ba tare da sallama ba, wato finafinan Turawa na sararin samaniya da na jarumai masu tashi sama. Kowace uwa mai yara 'yan makaranta ta taɓa jin suna gardama a tsakar gida a kan Spider-Man ko Black Panther, ko kuwa ta ga hotunansu a jikin jakar makaranta da rigar barci. Yaran sun san ranar da kowane sabon fim zai fito, suna ƙirga watanni kamar masu jiran salla. Uwa kuwa sau da yawa ba ta san ko mene ne a ciki ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma uwar da ba ta san abin da 'yarta take kallo a wayar hannu ba, ba za ta iya hana ta da hujja ba, haka kuma ba za ta iya ƙyale ta da kwanciyar hankali ba. Saboda haka bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai finafinan nan iri uku ne. Akwai na ƙagaggen labarin kimiyya, inda marubuci yakan ɗauki wani abu na ilmi, kamar kumbo ko mutum-mutumi mai aiki da kwamfuta, ya ƙaddara yadda duniya za ta zama idan abin ya bunƙasa. Akwai na almara, masu dodanni da tsafi da takubba, waɗanda ba su da wani bambanci mai yawa da tatsuniyoyin da kakanninmu suke yi mana da dare. Na uku su ne na jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, waɗanda asalinsu daga littattafan zane ne na Amurka. Superman ya fara bayyana a irin waɗannan littattafai a 1938, ita kuma Wonder Woman a 1941.

Kada mu ɗauka wai irin waɗannan labarai baƙi ne gare mu. Duk wadda ta karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ta san almara da jarumtaka. Haka kuma a 1969, shekarar da kumbo Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Abin da Turawa suka fi mu shi ne kuɗi da na'urorin mayar da labari ya zama hoto mai motsi.

To, waɗanne ne masu sha'awar abin suke ɗoki a kansu?

Na farko shi ne Avengers: Doomsday na kamfanin Marvel, wanda aka tsayar wa ranar 18 ga Disamba, 2026. Avengers taron jarumai ne da sukan haɗa kai idan wata masifa ta fi ƙarfin mutum guda. Fim ɗinsu na 2019 mai suna Endgame ya tara kuɗi kusan dala miliyan dubu 2 da ɗari 8 a gidajen silima na duniya, kuma a cikinsa ne jarumi Iron Man ya mutu. Abin da ya tayar da ƙura shi ne a watan Yuli na 2024 aka sanar cewa ɗan wasan da ya fito a Iron Man ɗin, wato Robert Downey Jr., zai dawo, amma a matsayin mugu mai suna Doctor Doom. Ke nan fuskar da yara suka saba ƙauna ita ce za ta zama ta abokin gaba. Daga cikin matan da aka ambata a fim ɗin akwai Letitia Wright, wadda ta fito a Shuri, ƙanwar sarki a Black Panther na 2018, yarinyar da take ƙera dukkan na'urorin ƙasarsu da ilminta. An kuma sa wa ci gaban labarin, Avengers: Secret Wars, watan Disamba na 2027.

Na biyu shi ne kashi na uku na Dune, wanda shi ma aka ba shi wannan rana ta 18 ga Disamba, 2026. Wani Ba'amurke mai suna Frank Herbert ne ya rubuta littafin a 1965, shi kuwa Denis Villeneuve, mutumin Kanada, ya mayar da shi fim a 2021 da 2024. Labarin wata duniya ce mai suna Arrakis wadda duk hamada ce, ruwa ya fi zinariya tsada, har mutanenta suna sa wata irin riga mai tace gumin jikinsu ya koma ruwan sha. A ƙarƙashin yashin akwai wani sinadari da manyan dauloli suke yaƙi a kansa, alhali masu ƙasar suna cikin wahala. An ɗauki hotunan hamadar a Jodan da Abu Dabi. Kashi na uku an gina shi ne a kan littafi na biyu, na 1969, inda saurayi Paul, wanda mutanen hamada suka ɗauka mai ceto ne, ya hau gadon mulki bayan yaƙin da ya ci rayuka masu ɗimbin yawa. Darasin marubucin shi ne haɗarin bin shugaba ido rufe. Ya kamata iyaye su sani cewa ya aro kalmomi da yawa daga Larabci, har da wasu da muka saba ji a wajen malamai, saboda haka sai a bayyana wa yara cewa labarin ƙagagge ne, kada su haɗa shi da tarihi ko da karatun addini.

Na uku shi ne wanda ya fi kusa da mu, wato Children of Blood and Bone, wanda kamfanin Paramount ya sa wa ranar 15 ga Janairu, 2027. Tomi Adeyemi ce ta rubuta littafin. An haife ta a Amurka a 1993, iyayenta Yarbawa ne daga Nijeriya, kuma littafin ya fito a 2018 tun ba ta cika shekara 25 ba. Labarin wata yarinya ce mai suna Zélie wadda azzalumin sarki ya sa aka kashe mahaifiyarta tare da sauran masu baiwar sihiri, ita kuma ta tashi neman dawo wa mutanenta abin da aka ƙwace musu. Thuso Mbedu 'yar Afirka ta Kudu ce ta fito a Zélie, tare da manyan 'yan wasa irin su Viola Davis da Idris Elba da Chiwetel Ejiofor. Mai ba da umarni mace ce, Gina Prince-Bythewood, wadda ta yi The Woman King a 2022 a kan mayaƙa mata na daular Dahomey. An gina duniyar labarin ne a kan abubuwan bauta na gargajiyar Yarbawa, saboda haka wannan ma yana daga cikin waɗanda ya kamata babba ya fara dubawa kafin ƙananan yara.

Har ila yau akwai wasu guda biyu da aka sa wa 2027. Star Wars: Starfighter an ba shi ranar 28 ga Mayu, wato shekara 50 ke nan cur bayan fitowar Star Wars na farko a watan Mayu na 1977, wanda aka ɗauki wani sashensa a hamadar Tunisiya. Sai kuma The Hunt for Gollum a watan Disamba, wanda ya fito daga duniyar littattafan J.R.R. Tolkien na Ingila. Finafinai uku da aka yi daga waɗannan littattafai a ƙasar New Zealand tsakanin 2001 da 2003 sun yi suna ƙwarai, har na ukunsu ya ci lambar yabo ta Oscar guda 11. Amma fa a lura, kamfanonin nan sukan ɗaga rana. Shi kansa Avengers: Doomsday da farko watan Mayu na 2026 aka sa masa, daga baya aka mayar da shi Disamba.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi damun iyaye. Ƙaramin yaro idan ya ga mutum ya ɗaura gyale a wuya ya diro daga bene bai ji ciwo ba, yana iya ɗauka shi ma in ya ɗaura zanen uwarsa ya hau katanga haka za ta kasance. Maganin wannan shi ne a gaya masa yadda ake yin abin. Ɗan wasan da ake gani yana tashi, igiyoyi ne masu ƙarfi a ɗaure a ƙugunsa, a cikin wani babban ɗaki, a gaban kore ko shuɗin ƙyalle. Daga baya sai masu aiki da kwamfuta su goge igiyoyin da ƙyallen, su sa hoton gari ko gajimare a wurin. Dodon nan Gollum kuwa mutum ne mai suna Andy Serkis, wanda yake sa matsattsiyar riga mai ɗige-ɗige, na'ura tana bin motsin jikinsa, sannan a zana dodon a bisa wannan motsi. Shi ne ma aka ba aikin ba da umarni a sabon fim ɗin. Yaron da ya fahimci wannan ba zai hau katanga ba, kuma mai yiwuwa ya fara tambayar yadda kwamfutar take yin wannan aiki, wanda shi ne abin da muke so.

Abu na biyu shi ne alamar shekaru. A Amurka akan sa wa kowane fim harafi da ke nuna wanda ya dace ya kalla. Harafin G na kowa da kowa ne. PG yana nufin iyaye su sa ido. PG-13, wanda aka fito da shi a 1984, gargaɗi ne cewa akwai abubuwan da ba su dace da yaron da bai kai shekara 13 ba, kuma yawancin finafinan jarumai a nan suke. Harafin R kuwa yana nufin wanda bai kai 17 ba kada ya shiga sai da babba. Akan ga alamar a jikin hoton tallan fim ko a farkonsa. Kada rigar jarumi mai launi ta ruɗe ki, uwargida. Joker na 2019 da Deadpool & Wolverine na 2024 duk daga littattafan zane suka fito, amma dukansu R ne saboda zubar da jini da munanan kalamai. Mizanin Turawa kuma ba lallai ya zama namu ba, musamman wajen sutura da mu'amalar maza da mata, saboda haka ko da alamar ta yi daidai, gani ya kori ji. Ki zauna ki kalli ko da rabin sa'a ne, ko ki sa yayansu mai hankali ya duba ya gaya miki.

Abu na uku shi ne lokaci. Endgame ya kai sa'a uku, kashi na biyu na Dune kuwa sa'a biyu da minti 46. Yarinyar da ta fara irin wannan bayan sallar isha'i a daren makaranta, da safe gyangyaɗi za ta yi a aji, mu malamai kuma mu ne muke ganin sakamakon. A ware ranar hutun mako, bayan an gama aikin gida da na makaranta, a kalla tare a tsakar gida ko a falo maimakon kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ina so ku lura da wani abu. Akan ce wai irin waɗannan labarai na maza ne, kamar yadda akan ce lissafi da kimiyya na maza ne. Tarihi bai yarda da wannan ba. Littafin Frankenstein, wanda masana da yawa suke ɗauka a matsayin mafarin ƙagaggen labarin kimiyya, Mary Shelley ce ta fara rubuta shi tana da shekara 18, aka buga shi a 1818. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin Black Panther bayan ta yi nazarin suturar ƙabilun Afirka, ta ci lambar Oscar a 2019, ita ce baƙar mace ta farko da ta ci a wannan fanni. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta rubuta The Shadow Speaker a 2007, ta kafa labarin a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Mae Jemison kuwa, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta bayyana cewa ganin wata baƙar mace a cikin ma'aikatan kumbo a wasan talabijin na Star Trek tun tana yarinya ya ƙarfafa mata gwiwa. Amma fa ba kallo kaɗai ya kai ta can ba, sai da ta karanta aikin injiniya, ta kuma zama likita.

Saboda haka idan kin kalli fim, ki riƙe tambaya guda ki kai wa malamar kimiyya. Me ya sa 'yan sama jannati suke shawagi a cikin kumbo? Shin da gaske ana iya jin ƙarar fashewa a sararin da babu iska? Ta yaya za a tace gurɓataccen ruwa ya koma na sha? Duk waɗannan suna cikin littattafanku na sakandare. Wadda kuma Allah ya ba baiwar labari, ta je wurin kakarta ta rubuta tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da na Dodo kafin su ɓace, domin Tomi Adeyemi ma daga abin da ta gada a gida ta ɗebo nata.

Ina fata iyaye mata za su yanke wannan shafi su ajiye, domin duk lokacin da yara suka zo da sunan wani sabon fim a duba a gani. Wadda kuma take da tambaya ko ƙarin bayani, sai ta rubuto mana. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mun sadu a mako mai zuwa.