Hasken Waya a Zaure: Tsohon Soja da Yaƙin da Ya Biyo Shi Gida

[KIƊAN BUƊE SHIRI, SAI A RAGE SAUTI]

MAI GABATARWA:

Manoman Funtuwa da Bakori da Ɗanja, da na Ƙafur da Malumfashi, sannunku da aiki, Allah ya sa a kwashe amfani lafiya.

Yau shirin namu zai leƙa zauren wani bawan Allah. Ba za mu kama sunan kowa ba, siffa ce za mu kawo, kuma da wuya a rasa mai kama da ita a garuruwanmu.

[SAUTIN DARE: KUKAN GYARE]

Ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta, gari ya yi tsit. Haske ɗaya ya rage, na wayar da ke hannun maigida. Shekara 35 ya yi yana sanye da kaki. Ya ga Laberiya, ya ga Saliyo, ya ƙare da dazukan Borno. Ya karɓi garatuti, ya dawo gida, ya kama gonar gado. Ga shi zaune ya jingina da bango, fuskarsa na kallon ƙofa, don har yau ba ya iya juya wa ƙofa baya. Babban yatsansa na ta jan hoto bayan hoto. Wani tsohon abokin aiki ya turo bidiyon hari a WhatsApp, ya kalla sau uku. Ƙirjinsa ya ɗau zafi, sai ya koma shafin cacar ƙwallo don ya huce.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, dare ya raba fa."

Ya ce, "Je ki, ina tafe."

Sai kiran assalatu ya same shi a nan. Da hantsi 'yan ƙwadago na jira a gona, shi kuwa barci ya kwashe shi. Masara kuma ba ta jiran kowa, in lokacin taki ya wuce, ya wuce.

[KIƊA KAƊAN]

Da yawa za su ce maganin ai mai sauƙi ne, a raba shi da wayar. To mu a wannan yanki mun taɓa ganin hakan da idonmu. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Funtuwa da Malumfashi da Bakori na ciki, haka Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. An kwashe watanni babu sabis. Masu POS sun rufe, 'yan kasuwar hatsi sun sha wuya, mutane na tafiya mai nisa don kiran waya ɗaya. Majalisun ƙofar gida sun cika kamar da. Amma da sabis ya dawo, kowa ya san yadda aka koma ruwa. Yanke ciyawa daban, tumɓuke saiwarta daban.

Neman wannan saiwa shi ne aikin da wata mata ta ba rayuwarta. Sunanta Dokta Kimberly Young, masaniyar halayyar ɗan Adam mai duba marasa lafiya a ƙasar Amurka. A tsakiyar shekarun 1990 wata ƙawarta ta kawo mata kuka cewa aurenta na rushewa, domin mijin ya tare a dandalin hira na intanet dare da rana. A lokacin mutane ƙalilan ne ma ke da intanet a gida. A 1995 ta kafa cibiyar nazarin jarabar intanet. A 1996 ta gabatar wa taron ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka bincikenta a kan mutum 396 da suka kamu. Abin lura, tambayoyi takwas da ta auna su da su, daga ma'aunin jarabar caca ta aro su, don ta lura cewa ciwon biyu 'yan gida ɗaya ne. Wasu abokan aikinta sun ɗauki zancen wasa, amma ba ta saki ba. A 2013 ta buɗe sashen kwantar da masu wannan larura a asibitin garin Bradford na jihar Pennsylvania. Ta rasu a farkon 2019, kuma a watan Mayun shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin cututtukanta, wanda ya sanya jarabar wasannin waya da kwamfuta cikin jerin larurori.

Alamomin da hukumar ta lissafa uku ne. Mutum ya kasa tsayar da kansa. Abin ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa. Ya ga ɓarnar da ake yi masa, amma ya ci gaba. Yawanci kuma sai abin ya kai wata 12 yana lahani kafin likita ya kira shi ciwo. Ke nan ba duk mai yawan latsa waya ne ya kamu ba.

[KIƊA KAƊAN]

To ina soja ya shigo? Tun da farko yana ciki. Sashen farko da aka buɗe a Amurka don kwantar da masu jarabar caca, a asibitin tsofaffin sojoji na Brecksville da ke jihar Ohio aka buɗe shi, a 1972, ƙarƙashin Dokta Robert Custer. A 1980 kuma, likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka shigar da larurori biyu cikin kundinsu a lokaci guda: jarabar caca, da firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, wanda halin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam ya tilasta a ba shi suna. A zamaninmu akwai irin su Dokta Shane Kraus, wanda ya yi aiki a asibitin tsofaffin sojoji na Bedford kafin ya koma jami'ar Nevada a Las Vegas, yana bincike a kan caca da kallon batsa a tsakanin waɗanda suka ajiye kaki. A Birtaniya ma, binciken da jami'ar Swansea ta fitar a 2021 a kan tsofaffin sojoji sama da 1,000 ya nuna haɗarin faɗawarsu matsalar caca ya ninka na farar hula kusan sau goma.

Me ya sa haka? Dalili na farko shi ne gudun tunani. Wanda ya binne abokansa da hannunsa, shiru ne babban abokin gabansa. Da ya rufe ido, abin ya dawo. Waya na toshe wannan shiru, sai dai toshewar ba ta kashe tunanin, ajiye shi take yi zuwa gobe, kuma ta ci barcin da jiki ke bukata don ya warke.

Na biyu, jikin da ya saba zama cikin shirin ko-ta-kwana ba ya gane cewa an tashi daga aiki. Yana neman abin da zai sa zuciya ta buga. Bidiyon hari na ba shi, jiran sakamakon caca ma na ba shi. A nan yankin kuma labarin harin ba na wata ƙasa ba ne, na ƙauyen da ke bayan gonarsa ne.

Na uku, kaɗaici. A bariki da bakin daga, ba ya cin abinci shi kaɗai. Yau ya dawo cikin dangi masu ƙaunarsa, amma babu wanda ya ga abin da ya gani.

Ita kanta wayar da gangan aka ƙera ta riƙe mutum. Masu kiwon tattabaru za su gane wannan. Wani masani, B. F. Skinner, ya gwada tattabaru a keji, inda suke saran wani maɓalli don hatsi ya zubo. Ya gano cewa in hatsin na zubowa jefi-jefi, ba a san ranar samu ba, tattabarar ta fi nacewa da sara, ko da an daina zubowa. Haka cacar waya take. An ci sau ɗaya, an faɗi sau goma, zuciya na cewa saura ƙiris. Da kaka, kuɗin buhunan masarar da aka kai kasuwar Ɗandume kan bi ta wannan rami, ba mai gani sai an zo sayen takin baɗi.

[KIƊA KAƊAN]

Yaya ake magani? Dokta Young ba ta ce a jefar da na'ura ba, don ta san rayuwa ta riga ta ɗauru da ita. Manomi da waya yake jin farashin waken suya, da ita ake sanar da shi in hanya ba lafiya. Tsarinta hawa uku ne. Da farko mutum ya riƙa rubuta yaushe ya ɗauki waya, me ya buɗe, me yake ji a ransa kafin ya ɗauka, sannan a yanka mata lokaci, a goge abin da ya fi cutarwa. Sai a zauna a warware tunanin da ke ingiza shi, irin su "sai na mayar da abin da na rasa" ko "ba mai fahimtata sai a can". Na ƙarshe, a yi maganin ciwon da ke ƙasa, firgici ne, baƙin ciki ne, ko rashin barci. A wajen tsohon soja, wannan hawa na uku shi ne gundarin aikin.

Mu a nan ƙwararrun sun yi ƙaranci. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Duk da haka akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa: asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, asibitin sojoji na 44 a Kaduna, da asibitin koyarwa na tarayya a Katsina. A Janairun 2023 ma an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya taɓu, kamar yadda zuwa wajen maɗori ba ya nufin an rasa ƙafa.

Kuma muna da abin koyi na gida. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marar lafiya ke zama a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa yana karɓar magani, maimakon a kulle shi. Duniya ta yaba da tsarin, domin ya nuna cewa jama'a ma magani ce.

Saboda haka, uwargida, gori ba ya raba shi da wayar, ƙara tura shi yake yi. Ki zaɓi lokacin da ransa ke kwance ki tambaye shi yadda yake barci. Abokan majalisa, in ya kwana biyu bai fito ba, ku aika yaro ya kira shi. Masu tura bidiyon gawawwaki, ku ji tsoron Allah ku daina, ba ku san hannun da zai faɗa ba. Malamanmu, kowa ya san hukuncin caca, shi ma ya sani, abin da yake nema shi ne hannun da zai fito da shi. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na kowace ƙaramar hukuma, ku sa zaman hira na mako-mako, don akwai maganar da soja ba ya faɗa sai ga soja. Kada kuma a manta da matasan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da 'yan sa-kai. Abin da suke gani a daji yau, da shi za su koma gida gobe.

[KIƊA A HANKALI]

Kai kuma Baba, da kake jinmu, wataƙila ta wannan wayar ma, sannu da hidimar ƙasa. A fagen daga ba ka taɓa barin abokinka da rauni a baya ba, ka kuma san wanda ya ɓoye rauninsa shi ne jini ke ƙare wa. Yau da dare, bayan sallar isha, ka ajiye wayar a zaure ka shiga ciki. In barcin ya ƙi zuwa, gobe ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ku nemi likita tare.

  

[KIƊAN RUFE SHIRI]