Gaisuwa da Addu'a a Ƙauyukan Arewacin Kano

Daga Minjibir zuwa Ɗambatta, har ka ɓulla Kunci da Tsanyawa, gona na jikin gona, gida na hangen gida. Da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ci karo da mutum ba, kuma a nan ba a wuce mutum shiru. Wanda ya yi haka, kafin azahar an fara tambayar ko lafiyarsa ƙalau.

Gaisuwar safe tana jiran sallar asuba. Sai an idar, gari ya fara washewa, sannan magidanci zai bi ta ɗakin mahaifinsa, ya cire takalmi, ya durƙusa. "Baba, ina kwana?" "Lafiya lau, an tashi lafiya?" Daga nan a bi gajiya da iyali da mai jiki, ɗaya bayan ɗaya. Suruka kuwa nesa-nesa take durƙusawa, murya ƙasa, ba ta ambaton sunan uban miji.

A gona ne abin ya fi daɗin ji. Da damina, mai wucewa zai ɗaga murya: "Sannunku da aiki! Yaya ruwa?" Amsar ita ce "Ruwa ya yi gyara," ko da kuwa jiya ya rushe masa katanga. Tambayi sanyi a watan Janairu, a ce maka lokacinsa ne. Tambayi gajiya wurin wanda ya wuni yana huɗa, ya ce babu gajiya. Baƙo na iya ɗaukar wannan ɓoye gaskiya ne. A ganina ladabi ne ga Mai bayarwa: sai an gode tukuna, in da kuka a kawo shi daga baya, a zaune. Kowane hali kuma da addu'arsa. Mai jego, Allah ya raya. Mai girbin gero, Allah ya amfana. Gidan rasuwa, yaya haƙuri, Allah ya jiƙan rai. Malami "Allah gafarta" ne, dagaci "ranka ya daɗe."

Wannan haɗa gaisuwa da ibada ba mu kaɗai ke yin sa ba. Yahudawa masu riƙo da addini suna addu'a sau 3 a rana, suna fuskantar Ƙudus: Shaharit da safe, Minha bayan rana ta karkata, Ma'arib da dare. Jam'insu ba ya cika sai an sami baligai 10. A addu'ar safe suna yafa mayafi mai tuntaye, a ranakun aiki kuma su ɗaura wasu 'yan akwatuna na fata a hannu da goshi. Sallamarsu "shalom alekem," amsarta "alekem shalom," wato 'yar uwar tamu ce, tunda Ibrananci da Larabci tushensu ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, malamansu na da sun hana mutum ya je takanas ƙofar wani ya yi masa wannan sallama kafin ya yi addu'ar safe. Dattijon waɗannan ƙauyuka namu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman nasu sun kuma so mutum ya yi wa Ubangiji godiya sau 100 kullum. Da za a ƙirga alhamdulillahin manomi ɗaya daga asuba zuwa lisha, ina jin zai kai, har ya bar canji.

Yanzu samari sun taƙaita komai zuwa "ya ne?" daga kan babur, ko hula ba a taɓawa. Tsakaninsu babu laifi. Amma in hanya ta kai ka waɗannan ƙauyuka, ka ga dattawa a gindin darbejiya, kashe injin, ka sauka, ka gaishe su yadda ya kamata kafin ka tambayi hanya.