Wa ke ba kwamfuta adireshi idan ta hau wifi?

A Tanut da Belbeji, wifin ofis ko na shagon buga takardu yawanci daga ɗan akwati yake fitowa, mai sim na Airtel, Moov ko Zamani a cikinsa, ko daga wayar wani da ya raba rezo. Duk na'urar da ta hau sai ta samu lambar da za a riƙa kiranta da ita, wato adireshin IP. To daga ina take samo shi?

Na'ura ba ta yanke shawara da ka. Da farko tana duba ko mai ita ya rubuta mata adireshi da hannu. In ya rubuta, shi za ta riƙe ko da ba daidai ba ne. Shi ya sa kwamfutar da aka saita a wani ofis na Damagaram kan ƙi aiki in aka kawo ta Tanut.

In an bar ta kan otomatik, sai ta yi shela: wa ke rabon adireshi a nan? Akwatin ya yi mata tayin lamba, ta ce tana so, ya tabbatar. Sunan tsarin DHCP, kuma ƙa'idarsa da ake bi yau ta 1997 ce. Lambar kan fara da 192.168, kuma haya ce kamar rumfar kasuwa: da wa'adi ya kai rabi, na'urar ta nemi sabuntawa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne in ba a amsa shelar ba. Sau da yawa bayan wuta ta dawo ne, kwamfuta ta riga akwatin tashi. Sai ta zaɓar wa kanta lamba mai farawa da 169.254, ta tabbatar ba wanda ke riƙe da ita, ta zauna a kai. Windows na yin haka tun Windows 98. Wannan lamba ba ta wuce na'urorin da ke kan wifi ɗaya, ba ta kaiwa intanet.

Don haka in kun ga 169.254, kar ku yi saurin sayen sabon data, matsalar ba ta kai can ba. Windows kan sake tambaya duk bayan minti 5. In ba ku iya jira, ku bari akwatin ya gama tashi, ku duba kebul ɗin da ya haɗa kwamfutar da akwatin in akwai, sannan ku kashe wifin kwamfutar ku sake kunnawa.