Karatun Malanta a Jami'a: Abin da Ke Gaban Ɗalibin Mayahi da Tasawa

A Nijar hanyar zama malamin makarantar boko ta rabu gida biyu. Ta farko tana bi ta makarantun horar da malaman firamare, waɗanda ake kira ENI, irin ta Maraɗi da wadda aka buɗe a Tasawa. A da mai takardar BEPC ta kammala kolej ma yakan shiga, daga baya hukuma ta ɗaga sharaɗin zuwa bak, wato takardar kammala lise. Hanya ta biyu ita ce ta jami'a, kuma ita ce ke fitar da malaman sakandare, wato na kolej da na lise. Ɗalibin da ya ci bak a Mayahi ko Tasawa, idan yana da sha'awar koyarwa, a nan ne zai fara tsayawa ya yanke shawara: ƙananan yara yake so ya ɗora a kan karatu da rubutu, ko kuwa fanni guda yake so ya riƙe, kamar lissafi ko tarihi, ya koyar da shi ga matasa?

Babbar cibiyar wannan karatu ita ce makarantar ENS da ke cikin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ita ke horar da malaman sakandare, da masu ba malamai shawara a kan dabarun koyarwa, da sufetocin makarantu. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa tana da tsangayar ilimin tarbiyya. Akwai kuma masu bi ta wata ƙofa: su yi lasis a kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko a adabi da labarin ƙasa a Jami'ar Andire Salifu ta Damagaram, sannan su nemi horon koyarwa. Jami'o'in suna bin tsarin LMD, wato shekara 3 a kai ga lasis, a ƙara 2 a samu masta, wasu 3 kuma dakta. Irin bak ɗin da ɗalibi ya ci shi ke buɗe masa fanni: mai bak A ya fi karkata ga harsuna, tarihi da falsafa, mai C ko D kuma ga lissafi, fizik da kimiyyar halittu.

Abin da ya bambanta wannan karatu da sauran shi ne nauyi biyu da ɗalibi ke ɗauka a lokaci guda. Dole ya san fanninsa sosai, dole kuma ya koyi yadda ake isar da shi ga wanda bai sani ba. Na biyun ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Ana koya wa ɗalibi yadda hankalin yaro ke girma, da yadda ake tsara darasi a takarda kafin a shiga aji, da yadda ake shirya jarrabawar da za ta nuna wanda ya gane da wanda ya haddace kawai. Bayan haka sai a tura shi wata makaranta ya zauna a bayan aji yana kallon gogaggen malami, daga bisani a miƙa masa alli. A wannan lokaci ne mutum ke gane ko aikin nasa ne. Wanda ya iya warware lissafi a kan takarda yana iya daburcewa a gaban yara masu ɗimbin yawa da suka cika aji, waɗansu a kan benci, waɗansu a ƙasa.

Ɗan wannan yanki yana da abin koyi na kusa. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty ta Senegal, ya zurfafa a fizik a Faransa, ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako kafin ya dawo gida ya jagoranci binciken makamashin hasken rana, ya kuma shugabanci jami'ar. A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya kare koyar da yara da harsunan uwa. Nijar ta fara gwada hakan da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malamin da ya tashi a Kanambakashe ko Urafan ko Korgom yana da jarin da jami'a ba ta bayarwa: ya san harshen da yaro ke tunani da shi kafin ya furta amsa da Faransanci.

Buƙatar malamai a nan ba abin musu ba ce. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Mayahi da ta Tasawa kowacce tana da mutum sama da 500,000, kuma kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ana buɗe kolej a ƙauyuka, amma malaman lissafi da na kimiyya suna ƙaranci, malamai mata kuma sun fi ƙaranci, ga shi iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar ƴa mace ta ci gaba da karatu idan akwai malama a makarantar.

Sai dai bai kamata a ɓoye wa mai zaɓe wahalar da ke ciki ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta dogara ga malaman kwantaragi, waɗanda alawus ɗinsu bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, kuma jinkirin biya ya sha jawo yajin aiki. Mai digiri yakan fara da bautar ƙasa ta shekara 2, sau da yawa a cikin aji, sannan kwantaragi, kafin ya samu lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati. Ana iya tura shi ƙauyen da babu wuta, ya tarar da ajin zana wanda sai an gama girbi ake kafa shi. Gobarar da ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, inda yara sama da 20 suka rasu, ta nuna girman haɗarin. Gwajin da aka yi wa ƴan kwantaragin firamare a 2017, wanda kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki, ya nuna illar tura mutum aji ba tare da isasshen horo ba.

Shi ya sa shiga wannan karatu don kawai an rasa gurbi a likitanci ko shari'a kuskure ne da ɗaruruwan yara za su biya kuɗinsa. Ga wanda ya shiga da niyya kuwa, tsani yana da hawa: bayan shekaru a aji yana iya yin gasar komawa ENS ya fito mai ba da shawara ko sufeto, ko ya zarce masta da dakta ya koyar a jami'a. Batun guzuri shi ma sai an yi masa tanadi tun daga gida. Hukumar ANAB ce ke raba tallafin karatu, ba kowa ke samu ba, kuma ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar ɗalibai, don haka yawancin ƴan karkara sukan fara da neman ɗan'uwa ko ɗan garinsu da zai sauke su a Yamai ko Tawa kafin a buɗe rajista.