Zaman ofis na lanƙwasa maka baya? Ga yadda za ka gyara

Mai karatu, idan kana tashi daga aiki wuyanka a sandare, kafaɗu sun yi nauyi, ƙugu na maka zugi, kada ka yi saurin ɗora laifin a kan katifa ko tsufa. Fara duba yadda kake zama. Ka wuni a gaban kwamfuta, sannan ka ƙara wani dogon zaman a cunkoson hanyar Nyanya ko gosulon Legas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020.

Kan baligi yakan kai nauyin kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya ƙiyasta a 2014 cewa idan ka sunkuya sosai a kan waya, nauyin da wuya ke ɗauka na iya kaiwa kilo 27. Haka abin yake idan allon kwamfuta ya yi ƙasa. A hankali tsokokin ƙirji su tsuke, na baya su yi rauni, sai ƙusumbi ya fara leƙowa.

Gyaran ba ya buƙatar kujera mai tsada. Ɗora kwamfutarka a kan littattafai har saman allon ya yi daidai da idonka, nisansa kamar tsawon hannunka. Idan ta tafi-da-gidanka ce, sayi madannai da linzami na daban. Matsa har ƙarshen kujera, ka naɗe tawul ka tokare ƙasan bayanka. Tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, kafaɗu a sake. Cire walat daga aljihun baya, kuma ka daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa.

Duk da haka, komai kyan zama, in ya daɗe yana cutarwa. Miƙe duk bayan minti 30, ka ɗan taka, ka ja kafaɗu baya. Ka samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ko da tafiyar sauri ce. Uwargida, a sa ido kan yaran da ke duƙufa a kan waya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma idan ƙafa ta fara mutuwa ko rauni, ko fitsari ya gagara riƙewa, kada ka tsaya shan maganin kemis. Garzaya asibiti a ranar.