Baƙin Garin Ƙarfe da Ake Dafawa Don Jinya

Duk wanda ya taɓa jan mayen ƙarfe cikin yashin rafi ya ga baƙin garin da ke manne masa. Akasarinsa maganetayit ne, haɗin ƙarfe da iskar oksijin, ɗan'uwan tsatsa. Irinsa ne masana sinadarai ke haɗawa a ɗakunan bincike, sai dai nasu ƙwayoyi ne mitsi-mitsi da ake aunawa da nanomita. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashi kan kai nanomita 80,000, su kuwa waɗannan galibi tsakanin 10 ne da 20.

Duk amfaninsu a ƙanƙantar nan yake. Ƙwayar da ba ta wuce nanomita 20 ba tana bin maganaɗisu muddin yana kusa, da an janye shi sai ta sake. Ba don haka ba, da sun cure cikin jijiya sun tare wa jini hanya.

Sananniyar hanyar haɗa su ita ce wadda René Massart na Faransa ya bayyana a 1981. Ana narka gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, kashi biyu na wannan, ɗaya na wancan, a zuba ammoniya. Nan take ruwan da ke launin ɗorawa zai koma baƙi ƙirin. Yin su ba wuya. Wuyar ita ce su fito kai ɗaya. Idan aka ɗora kwalbar a kan wuta, zafi daga jikinta yake shiga, kamar tukunyar tuwo da gindi ke ƙanzo alhali sama bai nuna ba. Sai wasu ƙwayoyin su riga wasu girma, kuma likita ba ya iya dogara da maganin da kowace ƙwaya ke da nata hali.

A nan maikurowef ya shigo. Igiyoyinsa suna kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa, suna jujjuya ƙwayoyin ruwan, zafi ya taso daga cikinsa kusan lokaci guda. Ƙwayoyin ƙarfen sai su tsiro tare, su girma tare. A 2008 ayarin Markus Niederberger a Zurik ta Suwizalan ya nuna cewa aikin da kan ci sa'o'i yana iya kammaluwa cikin minti ɗaya ko 'yan mintoci. Daga nan akan lulluɓe ƙwayoyin da wani sinadari dangin sukari, don jiki ya karɓe su.

A asibiti an riga an ga aikin ire-irensu. A 2009 Amurka ta amince da Feraheme, allurar ƙarin ƙarfe ga masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa. An yi amfani da wasu don fito da hoton hanta a na'urar MRI. A Jamus kamfanin MagForce ya samu izinin Turai a 2010 na zuba su cikin ƙarin dajin ƙwaƙwalwa, a kunna maganaɗisu mai jujjuyawa daga waje, su ɗau zafi sama da digiri 40, su raunana dajin.

Amma ni dai ba na ganin maikurowef a matsayin sha-yanzu-magani-yanzu. Igiyoyinsa ba sa ratsa ruwa fiye da 'yan santimita, saboda haka abin da ya yi kyau a ƙaramar kwalba yakan gagara a babban tanki. Shi ya sa masu bincike ke gwada tura ruwan ta siririn bututu. Ga kuma gwajin lafiya da ke cin shekaru. Ko Feraheme sai da aka ƙarfafa gargaɗi a kansa a 2015, saboda wasu jikinsu na ƙinsa ƙwarai.

Na'urar maikurowef ta ɗakin bincike tana da ma'aunin zafi da na matsin tururi, waɗanda ta ɗumama abinci ba ta da su. Kada ɗalibi ya rufe kwalbar sinadari ya saka a ta kicin, fashewa za ta yi.