Ƙofar Da Ake Buɗewa Sau Ɗaya A Shekara 25

A babbar majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Fadar Batikan, a birnin Roma, akwai wata ƙofa ta tagulla wadda ake toshe bayanta da tubali. Ba a rushe tubalin sai shekarar Jubili ta zagayo, watau shekarar da mabiya ɗarikar Katolika suka keɓe domin tuba da neman jinƙan Allah.

Asalin al'adar daga Attaura yake. A Littafin Firistoci, sura ta 25, an umarci Bani Isra'ila su tsarkake kowace shekara ta hamsin. A busa ƙahon rago, a 'yanta ɗan'uwan da talauci ya jefa shi bauta, wanda ya sayar da gonar gado ya koma gonarsa, ƙasa ma a bar ta ta huta. Sunan ƙahon nan da Ibraniyanci, yobel, shi ya zama Jubili. Mai karatu zai lura cewa jinƙan da ake nufi a nan abu ne da talaka zai gani da idonsa: gona ce, da 'yanci.

Paparoma Bonifas na Takwas ne ya fara shelar Jubili ta Kirista a cikin 1300, da nufin a riƙa yi duk shekara ɗari. To, wa zai ga biyu? Akasarin mutane ko ɗaya ba za su riska ba. Saboda haka aka rage zuwa hamsin, daga baya 33, kana a 1470 Paparoma Bulus na Biyu ya tsayar da 25.

A koyarwar Katolika, mai ziyara yakan furta zunubansa a gaban fada, ya karɓi Jibin Ubangiji, ya yi addu'a, sa'an nan ya ratsa ƙofar, yana fatan a ɗauke masa horon da ke biyo bayan zunubin da aka riga aka gafarta. Ba a ɓoye yake ba cewa a wani zamani an mai da wannan sassauci abin ciniki, har Martin Luther ya ɗaga murya a kai a 1517. A da kuma Paparoma yakan bugi bangon da guduma sau uku kafin magina su janye shi. A jajiberen Kirsimetin 1974 ɓaraguzai suka zubo dab da Paparoma Bulus na Shida, jama'a na kallo ta talabijin. Tun daga nan aka daina. Yanzu tura ƙofar kawai ake yi.

Amma buɗe ƙofa shi ne mai sauƙin. Inda gizo ke saƙar shi ne wancan rabin umarnin, na sakin wanda aka ɗaure. Da Jubilin 2000 ta gabato, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya roƙi ƙasashe masu arziki su yafe wa matalautan ƙasashe bashi, wata ƙungiya kuma mai suna Jubili 2000 ta tara sa hannun mutum fiye da miliyan 20 a kan wannan bukata. An yafe wani abu, ba duka ba. Mu a Nijeriya sai a 2005 Kulob ɗin Paris ya yafe mana dalar Amurka miliyan dubu 18, da sharaɗin mu biya wajen miliyan dubu 12. Yafiya ce, amma da tsada.

Paparoma Faransis ya fi kowa jan al'adar zuwa wajen waɗanda aka manta da su. Da ya kira Jubili ta musamman ta Jinƙai, bai fara buɗe ƙofa a Roma ba. A Bangi ya buɗe, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ran 29 ga Nuwamba 1915 da ɗari, watau 2015, alhali jinin da aka zubar tsakanin Kirista da Musulmi bai gama bushewa ba. Kashegari ya tafi babban masallacin unguwar PK5, inda Musulmi ke zaune cikin tsoro, ya gaisa da liman.

Haka kuma a Jubilin 2025. Kwana biyu bayan ya buɗe ƙofar Waliyyi Bitrus ran 24 ga Disamba 2024, sai ya nufi gidan yarin Rebibbiya, ya ƙwanƙwasa wata ƙofar, ya shiga wurin fursunoni. A makon nan ne Shugaba Biden na Amurka ya mai da hukuncin kisa na mutum 37 ɗaurin rai da rai, a watan Janairu kuma ƙasar Kuba ta yi alkawarin sakin fursunoni 553 albarkacin Jubilin. Batun bashi kuwa, ya sake roƙo, masu bin bashin ba su motsa ƙwarai ba.

Bai ga ƙarshen shekarar ba. Ya rasu ran 21 ga Afrilu 2025, ƙofar tana buɗe, aikin rufe ta ya faɗa hannun magajinsa, Paparoma Liyo na Goma Sha Huɗu.